Motar Malam Sallau da Idon Inna Yalwa

Ku gyara zama, ku bar surutu haka nan. Magana zan aje a gabanku, in na kai ƙarshenta ku ne alƙalai, ni kuwa in koma gefe in sha kallo.

A wani ƙauye da ake kira Tudun Gawasa an yi wani direba, Malam Sallau. Mota ɗaya ce tak a garin, kuma tasa ce: tsohuwar a-kori-kura mai shan gas, fentinta ya koɗe har ba mai iya rantsuwa a kan launinta na asali. Mutanen gari suka laƙaba mata suna Sai Malam, don da sanyin safiya ba ta taɓa tashi a hannun kowa ba sai nasa. Samari masu rawar kai sun sha gwadawa, su yi gumi, su sauko suna kame-kame. Shi kuwa ya shiga, ya ja ƙofa, jim kaɗan ka ji ta yi tari ta kama.

Matarsa, Inna Yalwa, shekara huɗu ke nan yana ta rufe mata idanu duka biyu. Ba ta ganin komai sai wani fari-fari, kamar mai kallo ta cikin koko. Sau biyu Malam ya kai ta babban asibitin birni, sau biyu aka ce yanar ba ta nuna ba, su dawo gaba. Kafin gaban ta zo, Allah ya yi wa Malam rasuwa da rani. Motar ta zauna a rumfar ƙofar gida wata shida, kaji suka mai da ƙarƙashinta ɗakin kwana.

'Ya'yansu uku ne. Babban shi ne Haladu, mai injin niƙan garin. Shi ne ɗan fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma taɓa tsayawa ta ƙare masa kallo ba ko lokacin da take da ido. In za ta yi masa magana sai ta kau da kai ta ce, "Kai wannan." Malam ma haka yake yi. Ba ƙi ba ne, kunya ce irin ta mutanen da. Mai bi masa Tanimu ne. Shi ne Malam ya so ya gaje shi a tuƙi, yaron ya ce shi aikin wayar lantarki yake so. Aka yi musayar maganar da ba ta yi daɗi ba, Tanimu ya haɗa kayansa ya tafi wani gari can hayin kogi. Shekara bakwai bai tako gida ba sai ranar jana'iza, kuma ya iso an riga an rufe. Autarsu Hansatu ce, tana aure katanga ɗaya da gidan. Ita ce idon Inna: ita ke jan ta zuwa bayan gida, ita ke tsince mata ƙaya a kifi, ita ke gaya mata wane ne ya yi sallama.

Wata Laraba da safe, tsakiyar damina, malamin asibitin ƙauyen ya zo da kati a hannu. Ya ce likitocin ido baƙi sun sauka a asibitin birni, gobe Alhamis ce ranarsu ta ƙarshe, kuma ya samo wa Inna gurbi. Amma sai ta isa kafin azahar. In ta wuce haka, ba wanda ya san ranar da za su sake zuwa, ko ma za su sake.

Inna ta karɓi katin ta shafa shi da yatsu, ta sa a ƙarƙashin matashi. Ta yi zaton ta riga ta haƙura da gani, ashe haƙurin na baki ne. Tana son ta ga 'ya'yanta, ko da sau ɗaya ne, kafin ta bi Malam.

To, da me za a tafi? Babur ba zai yiwu ba, don tun da ta faɗi a bakin rijiya bara, ƙugunta ba ya barin ta zauna a kansa. Amalanken shanu a wannan taɓo ba zai kai bakin kwalta ba sai likitoci sun naɗe kayansu. Motar kasuwa kuwa sai Lahadi. Kowa ya juya ya dubi rumfa.

Aka shimfiɗa wa Inna tabarma a zaure, inda take jin komai. Ta ji an kori kaji, ta ji ƙarar ƙofar da ta sani shekara talatin, ta ji Haladu ya murɗa makulli. Motar ta ce ƙas. Ya sake, ta sake cewa ƙas. Ba ta ƙara ko harafi ɗaya ba.

Kun dai san garinmu: mota ta ƙi tashi, kowa ya zama makanike. Wani ya ce a tura ta. Samari suka tura ta har bakin masallacin Juma'a suka dawo da ita, ba abin da aka samu sai zufa. Wani ya ce a yi mata turare, aljanu sun tare a ciki. Wata tsohuwa ta leƙo ta katanga ta ce a ƙyale baiwar Allah, takaba take yi. Aka ce ai wata huɗu da kwana goma sun wuce tuni, ta ce to wata macen ta fi wata riƙon miji. Inna da kanta sai da ta yi dariya, sannan ta sa Hansatu ta kira Tanimu a waya.

Tanimu ya iso da la'asar. Inna ta gane shi tun kafin ya yi sallama, don tafiyarsa irin ta ubansa ce, yana ɗan jan ƙafar hagu. Amma yau tafiyar ta yi nauyi, kuma tufafinsa na ɗiga. Kogi ya kawo, ba babur ɗin da zai haye. Sai ya ciro batirin da ke riƙe da shagonsa, ya rufe shagon, ya ɗora batirin a ka, ya ratsa ruwa har ƙirji, ya tako sauran hanyar a ƙasa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta kai hannu ta taɓa kansa, ta ji wurin da batirin ya zauna ya yi kumburi.

Ya sa batirin, aka murɗa, motar ta sake cewa ƙas. 'Yan kallo suka ce to, wahalar banza. Tanimu ya ce in wuta na nan amma ba ta isa inda za ta ba, hanya ce ta yanke. Ya kankare farin garin da ya taru a kan batir kamar kanwa, ya wanke da ruwan zafi. Sannan ya kwanta a cikin kashin kaji ya shiga ƙarƙashin motar, yana bin waya ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Inna na jin numfashinsa daga zaure. Can ya samo ta: wata waya mai kauri da ke haɗa batir da jikin motar, ɓeraye sun gaigaye ta, ba abin da ya rage sai 'yan silli uku. Ya yanke, ya fere, ya ɗaura sabuwa. Da Haladu ya murɗa, sai injin ya juya, gurr-gurr-gurr, karo na farko tun ranar da Malam ya kwanta. Mata suka rangaɗa guɗa a cikin gida. Sun yi saurin guɗar, don juyawa kawai ya yi, bai kama ba.

Nan Haladu ya ce a dakata, kada a cinye batirin a banza. Shi bai san waya ba, amma shekara goma sha biyar yana fama da injin niƙa mai shan gas, kuma kunnensa ya san kukan injin da ke jin ƙishirwa. Aka ce ai tanki da mai, an leƙa. Ya ce mai a tanki daban, mai a cikin inji daban. Ya kwance wani ƙusa a kan matacin mai, ya danna ɗan famfon hannu, sai kumfa ke fitowa, fus-fus. Iska ta shiga hanyar mai. Ya bi tiyon da hannu har ya ji inda ya bushe ya tsage, tsagar da ba ta fi ta farce ba.

Ba mai sayar da irin wannan tiyo a Tudun Gawasa. Akwai dai guda ɗaya a garin, kuma a jikin injin niƙansa yake. Ranar kuwa layin ƙwarya ya kai bakin hanya, don ana biki a unguwar gabas. Haladu ya je ya kashe injin, ya ba mata masu niƙa haƙuri, ya sha gori da tsaki, ya ciro tiyon ya dawo. Ya ɗaura shi, ya sa baki ya zuƙo gas har ya cika masa baki ya tofar, ya yi ta danna famfon har kumfa ta ƙare, mai ya fito sumul. Da ya zo wucewa ta zaure yana tari, warin gas ya bugi hancin Inna. Ta so ta ce masa sannu da sunansa, bakinta ya ƙi. Sai ta kau da kai ta ce, "Kai wannan, ka kurkure bakinka da madara." Ya ce, "To, Inna."

Magariba ta riga ta kawo kai, kuma hanyar ba ta biyuwa da duhu. Suka ce a bar ta haka, a tashe ta da sassafe a wuce gaba ɗaya.

Da asuba aka yi ruwa mai sanyi. Bayan an fito masallaci aka ɗauko Inna a hankali aka zaunar da ita a gaba, gefen taga, Hansatu a tsakiya, Haladu a sitiyari. Tanimu ya tsaya a gaban motar, murfin inji a buɗe, yana danne kan batir da hannu don ya ɗan yi sako-sako. Haladu ya yi bisimilla ya murɗa. Injin ya juya, salansa ta fitar da farin hayaƙi, motar ta girgiza kamar za ta kama, sai ta saki. Ya sake, haka. Ya sake na uku, Inna ta ji juyin ya yi nauyi, gurr... gurr..., kamar tsoho yana hawa tudu.

Tanimu ya ɗaga murya ya ce, "Yaya, tsaya! Saura sau ɗaya a batirin nan. In ya tafi, ya tafi."

Turawa kuma ba ta taso ba, don ruwan asuba ya mai da ƙofar gidan fadama. Wuta ta isa, mai ya isa, mota ta ƙi. Inna ta sa hannu a ƙirji inda ta soke katin. Ta fara shirya maganar da za ta faɗa musu don kada su ji nauyi, cewa dama ita ta saba da duhunta.

Sai ta ji Hansatu ta gyara zama a gefenta. Ita Hansatu ba ta san tiyo ba, ba ta san waya ba. Amma kafin aurenta, shekara uku tana bin Malam kasuwanni da man gyaɗa da ƙuli-ƙulin Inna, a wannan kujerar take zama kowace safiya. Ta ga abin da ba wanda ya gani, kuma Malam ya ce mata abin da ta ji a mota ya tsaya a mota. Ta riƙe wannan amana har bayan ransa. Tun jiya abin ke cin ta, tana fatan yayyenta su gama ba sai ta buɗe baki ba.

Ta ce, "Yaya Haladu, ba haka Baba yake yi ba."

Ya ce, "Auta, ba lokacin wasa ba ne."

Ta ce, "Wallahi ba wasa nake ba. Baba ba ya murɗawa gaba ɗaya. Rabi yake murɗawa, ya cire hannunsa, ya yi addu'a. Sai ya shafa sannan ya ƙarasa."

Wani daga cikin 'yan kallo ya ce ai an yi bisimilla. Hansatu ta ce ba bisimilla kaɗai ba, addu'a ce mai tsawo, kuma kullum ita ce, ba ya ragewa ba ya ƙarawa. Haladu ya murɗa makullin rabi, ya ɗauke hannunsa ya ce, "To, yi mana yadda yake yi."

Hansatu ta ce, "Baba, ka yafe mini." Ta ɗaga hannu ta fara, da irin saukar muryarsa. Ta yi addu'ar matafiya. Ta roƙa wa iyayensa gafara. Sannan ta ce, "Allah ga Haladu. Ya ɗauki nauyi tun yana ƙarami, ban taɓa ce masa sannu ba. Ka ce masa a madadina."

Inna ta ji numfashin ɗanta ya tsaya. Shekararsa arba'in bai taɓa jin sunansa daga bakin ubansa ba.

Hansatu ta ci gaba. "Allah ga Tanimu. Allah ga Tanimu. Allah ga Tanimu. Na yi masa zafin baki, kada ka kama shi da fushina. Ka sa albarka a hannunsa, ka dawo mini da shi." Daga gaban motar aka ji wani sauti kamar an shaƙe mutum, amma hannun Tanimu bai bar kan batir ba. Da Hansatu ta zo kan nata sunan, muryarta ta karye, ta faɗe shi da sauri ta wuce. Sannan ta ce, "Allah ga Yalwa. Ka buɗe mata idonta, ko ina nan ko ba na nan."

Inna ta tuna. Shekara da shekaru tana jin ƙarar ƙofa daga cikin gida, sannan shiru, sannan tashin mota. Ta ɗauka goro yake ɓarewa. Hawaye suka zubo daga idanun da ba sa gani, ba ta share ba.

Suka shafa. A daidai nan wani abu a ƙarƙashin sitiyari ya ce ƙit. Haladu ya ƙarasa murɗawa. Motar ta yi tari sau ɗaya, ta kama, ta ɗauki rurin da duk garin ya sani.

Daga baya wani tsohon direba a birni ya yi wa Tanimu bayani. Ya ce irin wannan injin yana da wasu 'yan ƙarafa a ciki masu ɗumama shi kafin ya tashi, kuma sai an murɗa rabi an jira su yi zafi. Akwai 'yar fitilar da ke nuna sun yi, amma ta motar Malam ta mutu tun kafin a haifi Hansatu. Sai Malam ya auna jiran da addu'a. Har yau a Tudun Gawasa wasu na cewa ƙarfe ne ya yi zafi, wasu na cewa addu'a ce ta ci. Ni ban ga abin da ya hana su zama gaskiya su biyun ba, kuma ba wannan gardamar na kawo muku ba.

Sun isa asibiti saura kaɗan a kira azahar, Inna ce ta biyun ƙarshe a layi. Aka yi mata aiki a idon dama, aka naɗe da bandeji, aka ce sai gobe da safe a buɗe.

Washegari ɗakin ya cika da tsofaffi, kowa da farin ƙyalle a fuska. Wata nas ta zo kan gadon Inna ta ce, "Mama, yanzu likita zai buɗe miki. Wurin ya yi cunkoso, mutum ɗaya kawai ake bari ya shigo ya tsaya a gaban mara lafiya. Na ga 'ya'yanki uku a waje. Wa zan kira?"

Inna ta auna maganar. Duk wanda ya shigo, fuskarsa ce farkon abin da za ta gani bayan shekara huɗu, kuma farko ba ya maimaituwa. Ga wanda ta haifa da fari, ba ta taɓa cika idonta da shi ba. Ga wanda ya bar ta tun ba shi da gemu, yanzu ta shafa ta ji gemu amma ba ta san yadda ya zauna masa ba. Ga wadda ta ara mata idonta shekara huɗu ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Uwa ce, ta kasa. Sai ta nemi hanyar zillewa, ta ce, "'Yar nan, ki ce wanda ya tayar da motar ya shigo."

Nas ɗin ta fita baranda ta faɗa kamar yadda aka gaya mata. Inna ta kasa kunne. Ba ta ji takun kowa ba.

Can ta jiyo muryar Haladu yana cewa Tanimu ya shiga, shi ya daɗe ba a gan shi ba. Ta jiyo Tanimu yana cewa a'a, Auta ce, shi da ya gudu ya bar gida ba shi da bakin shiga gaba. Ta jiyo Hansatu tana kuka tana cewa Yaya Haladu ne babba. Kowa na tura ɗan'uwansa, kuma Inna, da ta san muryoyinsu tun suna zanin goyo, ta ji sarai cewa kowannensu yana so ya zama shi ne, so mai tsanani. Likita ya riga ya iso gadon da ke kusa da nata, tana jin ƙarar almakashinsa.

To, ga shari'arku. Da Tanimu bai ratsa kogi da batir a ka ya gano wayar da ɓera ya ci ba, injin ko juyawa ba zai yi ba. Da Haladu bai kashe sana'arsa ya ciro tiyo ya kori iska daga hanyar mai ba, sai ya yi ta juyawa har batir ya mutu. Da Hansatu ba ta karya alkawarin ubanta ta faɗi abin da ta ji ba, da murɗawar ƙarshe ta tafi a banza kamar ukun farko. Kada wani ya ce mini a shigo da su duka, nas ta ce ɗaya, kuma tana tsaye a bakin ƙofa tana jira.

Wane ne a cikinsu ya tayar da motar, har ya cancanci Inna Yalwa ta buɗe ido a kan fuskarsa?